Bashen da Na Saya a Hannun Surukina

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa. Wani lokaci jikokina su zo gaishe ni, sai in yi ta laluben sunayensu suna dariya. Amma ranar da muka tafi Ɗan Issa sayen mota ni da ƙanena, wannan ta ƙi gogewa, kuma na riga na san da ita za a sa ni cikin rami.

Lokacin gyaɗa tana da daraja, 'yan shekaru kaɗan kafin babban farin nan da ya ƙarar da dabbobin mutane. Mahaifinmu ya rasu, gandu ya dawo hannuna don ni ne babba. Mu biyu ne maza a ɗakin innarmu. Ni na ɗan taɓa lekol, wato makarantar boko, na fito da abin da bai wuce karanta wasiƙa ba, na koma gona. Ƙanena kuwa tun yana ƙarami ƙarfe ya shiga ransa. Mahaifinmu ya kai shi Maraɗi wajen wani mai gareji, Kirista ne, mutumin kirki mai tsananin horo. Can ya yi shekaru yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, har ya iya gyara, ya iya tuƙi, ya samu farmi, wato takardar izinin tuƙi. Ranar da ya dawo garinmu Madarunfa da takardar nan, innarmu guɗa ta yi kamar an kawo mata amarya.

Tun daga nan maganarsa ɗaya ce: mu samu motarmu. Bashe yake so, irin ƙaramar motar kayan nan mai rumfar tamfol a baya, wadda mutanen Katsina ke ce wa a-kori-kura. Ya ce in muka same ta, shi zai riƙa kwasar mutane da buhuna zuwa kasuwanni, ni in riƙe gona, gidanmu ya tsaya da ƙafa biyu. Muka tara kuɗin gyaɗa na damina biyu, muka sayar da bijimanmu, muna jiran mu ji inda ta faɗi.

Sai matata ta je ganin gida Ɗan Issa, ta dawo da saƙo. Mahaifinta, wanda ɗan kasuwa ne kuma alhaji, zai sayar da bashensa don yana neman babbar mota. Ya ce da ta tafi hannun bare gara ta zauna cikin dangi, kuma zai sassauta mana.

Yaran yanzu ba za su gane abin da suruki yake a wancan zamani ba. Ni tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, ko mai irin sunansa sai in sakaya. In na hango shi a hanya, ko dai in ratse, ko in tuɓe takalmi in durƙusa tun daga nesa. Ban san kalar idonsa ba. To wannan mutumin ne zan je in yi ciniki da shi.

Mun isa bayan azahar. Motar na tsaye a ƙofar gidansa ƙarƙashin itacen bedi, shuɗiya, an wanke ta tana ƙyalli. Gefe guda kuma ga dattawan unguwa bisa tabarma, abokan hirarsa. Muka durƙusa muka gaishe su. Alhaji ya amsa, ya tambayi innarmu da mutanenmu na bakin tabkin Madarunfa, ya miƙa wa ƙanena makulli. Sannan ya tattara rigarsa ya ce shi zai shiga ciki ya ɗan kishingiɗa, ba zai fito ba sai la'asar. Ya shige ya bar mu da mota da dattawa.

Ƙanena ya tayar da ita, ya kara kunne, ya buɗe gaba ya dudduba. Na ga yana gyaɗa kai, raina ya yi fari. Ya ce injin lafiya lau. Ni a sanina an gama ke nan, mota ai inji ce. Sai na ga ya karyo reshen bedi, ya je ya share rairayin da ke gaban gidan ya yi sumul, ya hau ya tuƙa motar a hankali a miƙe ta bi ta kai, ya sauko ya tsuguna yana kallon sawun tayoyi. Ya yafuto ni. Ya ce mota mai lafiya in ta tafi a miƙe, tayar baya tana taka sawun ta gaba, sai a ga layi biyu. Na duba. Huɗu na gani. Na baya sun goce gefe kaɗan, kamar tafiyar karen da ke gudu a karkace.

Bai tsaya nan ba. Ya zura hannu tsakanin kan motar, inda direba ke zama, da akwatin kaya na baya. Ta hagu hannunsa ya shige har wuyan hannu, ta dama yatsu kaɗai suka shiga. Ya kwance igiyar da muka zo da ita don ɗaure kaya, ya auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, ya ƙulla alama, ya zagaya ɗaya gefen ya sake aunawa. Igiya ta ƙi kaiwa. Sai ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa cewa akwai dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashi da ake kira shasi, su ke ɗauke da komai, inji da kai da akwati da mutanen da ke ciki. In sun taɓa lanƙwasa ko karyewa, ko injin na waƙa, motar ta riga ta mutu, tafiya kawai take yi.

Duk wannan abin dattawan na kallo. Da ƙanena ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa ya zura jikinsa ƙarƙashin motar, sai na ji wani ya yi gyaran murya. Wani tsoho ne mai jan gemu, aminin Alhaji tun ƙuruciya, wanda shi ya karɓi sadakina ranar ɗaurin aure. Bai dube ni ba, abokansa ya kalla.

"Ikon Allah. Da Alhaji ya ba shi ɗiya, ban ga ya zo da igiya ya auna ta ba. Yau ƙarfe ne sai an kwanta an leƙa cikinsa."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai surukan zamani ke nan, da likitansu suke yawo. Wani ya ce a kawo musu fitila mana, kada su bar wani lungu. Na waiga na ga kawunan mata sun leƙo ta saman zana. Wallahi ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Abin da ke yawo a kaina shi ne kafin magariba maganar ta zagaye Ɗan Issa, gobe ta isa Madarunfa: wane ya je gidan surukinsa ya mai da shi macuci a gaban abokansa.

Daga ƙarƙashin motar na ji muryar ƙanena.

"Yaya, an shafe wani wuri da kwalta, kuma sabuwa ce. Miƙo mini wuƙarka in kankare."

Na ce ya fito. Ya ce kankarewa kawai zai yi ya ga abin da ke ciki.

"Na ce ka fito. Ba a ƙofar gidan nan ba."

Ya fito, bayansa duk rairayi. Ya matso kusa da ni ya roƙe ni, yana magana yadda ba mai ji sai ni, in nemi alfarma a ba mu motar mu kai ta Maraɗi wajen maigidansa a hau da ita bisa rami a duba, in lafiya sai mu biya. Na tambaye shi da wane baki zan faɗa wa Alhaji haka. Na ce ko so yake in ce wa uban matata ban yarda da shi ba? Ya buɗe baki zai sake magana, na watsa masa harara. Ya kakkaɓe rigarsa ya sa. Tun muna yara bai taɓa musu da ni ba. A lokacin ina ɗaukar wannan abin alfahari ne.

Da aka yi la'asar Alhaji ya fito ya zauna. Bai tambaye ni kai tsaye ba, don shi ma yana jin nauyina. Dattawan ya tambaya ko yara sun duba. Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce mun duba, Baba, lafiya lau take. Aka yi ciniki cikin 'yar magana kaɗan, aka shafa fatiha, mai jan gemu ya sa albarka. Muka kamo hanyar gida. Ina ta murna ina shafa kujera, ƙanena kuwa idonsa na kan hanya har muka iso.

Da ma a nan kuskurena ya tsaya, da na samu abin da zan lallashi kaina da shi. Washegari da safe ya shiga ƙarƙashinta a tsakar gidanmu, inda babu dattijo babu mai leƙe, ya kankare kwaltar. Ya kira ni na durƙusa na gani da idona. Ƙarfen ya taɓa tsagewa daidai bayan mazaunin direba, an ɗora masa wani ɗan faranti an yi walda sama-sama, an shafe. Ya ce wannan ba gyara ba ne, rufa ido ne. Ya ce a ajiye motar, a kai ta gareji a yanke wurin a yi masa ƙarfe ciki da waje yadda ya kamata. Ni kuma na lissafa: garejin Maraɗi matattarar direbobin Ɗan Issa ne, ranar da motar ta hau rami, ranar kowa zai ji Alhaji ya sayar wa surukinsa karyayyar mota. Ga kaka ta kama, kaya ko'ina, ga shi ba mu da ko bijimi. Na ce ya lallaɓa ta, bayan kaka sai a san dabara, a kai ta wani gari mai nisa inda ba a san mu ba.

Ya lallaɓa ta kuwa. Ba ya gudu, ba ya cika mata kaya, kowace safiya sai ya leƙa wurin. Fasinjoji har tsiya suke yi masa, wai jaki ya fi shi sauri. Kuɗi suka fara shigowa. Innarmu ta samu sabon zane, na sa aka yi wa ɗakinta rufin kwano. Kaka ta wuce, na ce a bari a gama kwasar wake. Mutum in abu bai faru ba jiya, sai ya ɗauka ba zai faru ba gobe.

Ina bakin tabki wata safiya ina cinikin kifi, wani ya zo a kan keke yana haki, ya ce in zo, motarmu ta karye kusa da Safo. Na ɗauka taya ce ko wani abu a inji. Da na isa na gane ma'anar maganarsa. Akwai wani gangare inda hanya ke faɗawa cikin busasshiyar korama ta haura. Nan motar ta karye gida biyu kamar karan dawa. Tsakiyarta ta dafa ƙasa, akwatin baya ya kifo ya haɗe da kan motar. Buhunan wake sun fashe, mata na kuka, wasu na ɗingishi. A gefe an rufe mutum da tamfol. Wani magidanci ne daga garin Sarkin Yamma, yana tsaye daidai bayan direba ya riƙe ƙarfen rumfa, ƙarfe da ƙarfe suka haɗu da shi a tsakiya. Wake ya ɗauko zai sayar ya sayi ragon suna, matarsa ta haihu. Ƙanena na zaune a ƙasa, jini na bin goshinsa, ya zuba wa tamfol ɗin ido. Na kira shi, bai waigo ba.

Jandarmomi suka tafi da mu. Babbansu na tambaya da Faransanci, tafinta na juyawa. Ya ce sun ga tsohuwar walda a wurin da ya karye. Wa ya duba motar kafin a saya, kuma wa ya san da wannan aka ci gaba da ɗaukar mutane? Takardun motar sunana ke kai, ni ya kalla. Kafin in haɗa kalma, ƙanena ya riga ni.

"Ni na duba ta. Ni ne makaniki, ni ne direba. Yayana manomi ne, bai san ƙarfe ba."

Tafinta ya juya, aka rubuta. Babban ya sake dubana ya tambaya ko haka ne. Na san na faɗa muku tsufa ya cinye mini abubuwa, amma ina jin muryata har yanzu. Na ce haka ne.

Aka ƙwace farminsa, aka kai shi gidan kaso a Maraɗi. Ni na koma gida na kwana a ɗakina.

Bayan 'yan kwanaki maigidansa mai gareji ya zo Madarunfa. An jawo gawar motar an yar a bayan gidanmu. Ya tsuguna ya daɗe yana duban karayar, ya shafa inda aka kankare kwalta da wuƙa, wurin har ya yi tsatsa saboda daɗewa. Ya miƙe ya goge hannunsa, ya ce yaron nan shi ya rene shi, ya san ba zai ga irin wannan ya yi shiru ba, sai dai in wanda ya faɗa wa ne ya ƙi ji. Ya tsaya yana jira. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa da yatsan ƙafa, har ya gaji ya hau babur ɗinsa. Shi ne ya riƙa kai wa ƙanena abinci a kaso. Ni sau ɗaya na je, na kasa haɗa ido da shi, ban sake komawa ba.

Abin da ya ƙarasa ni, matata ce ta kawo shi daga Ɗan Issa. Ta ce ta tarar da mahaifinta ya rame, ba ya fita hira. Ya gaya mata motar ta taɓa faɗawa rami da tsohon direbansa, aka gyara ta a tsallaken iyaka, shi bai san irin gyaran da aka yi ba, an dai ce masa ta warke. Ya so ya faɗa mini, ya rasa ta inda zai fara da suruki. Shi ya sa ya ba da makulli ga wanda ya san aikin, ya shige gida ya daɗe, don mu sake mu bincika yadda muke so ba idonsa a kanmu. Da ya fito ya ji na ce mun duba lafiya lau, sai hankalinsa ya kwanta. Ta ce yana ta maimaitawa, ai don su duba na shige, don su duba na shige. Ashe shi yana ciki yana fatan mu leƙa, ni ina waje ina hana leƙawa don kada ransa ya ɓaci. Tsakanin kunyarsa da tawa mutum ya mutu, jariri ya tashi maraya.

Da ƙanena ya fito, fari ya riga ya shigo. Ba hatsi, ba dabba, ba mota. Gari kuwa ya gama yanke masa hukunci: makanikin da bai iya duba mota ba, direban da ya kashe mijin mai jego. Ba wanda zai ba shi ko keke ya gyara. Gidan da aka yi masa alkawarin mata suka aiko da kayansa. Ina ji ana faɗa a majalisa, ina zaune, wani lokaci har a tausaya mini wai ƙane ya jawo mini asara. Kalma ɗaya daga bakina da ta wanke shi. Kullum sai in ce gobe. Wata safiya innarmu ta shiga ɗakinsa ta tarar da tabarma a naɗe. Har ta koma ga Allah tana tambayar duk direban da ya tsaya a tasha ko ya gan shi.

Sai bayan shekaru na samu labarin yana Katsina. Na je na same shi a tasha yana dakon kaya, buhu a ka, ya yi furfura tun ba lokaci ba. Bai sake riƙe sitiyari ba. Da ya gan ni ya sauke buhun, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Ya nemo mini benci, ya sayo mini fura da kuɗin dakonsa. Na tattara duk ƙarfin da nake da shi na ce na zo ne kan maganar motar nan, ina so in koma gida in tara mutane in faɗi gaskiya, shi kuma ya yafe mini.

"Haba Yaya, wace magana ce wannan? Babba ba ya laifi. Sha furarka kada ta tsinke."

Na sake ɗauko zancen, ya tambaye ni ko tabki ya kawo ruwa bana. Na roƙe shi ya biyo ni gida, ya ce sai ya ɗan shirya. Ya raka ni har mota, ya sa mini kayana, ya tsaya yana ɗaga hannu. Da ya zage ni, da ya shaƙe wuyan rigata a tsakiyar tashar nan, da na samu sauƙi. Ladabin da na horar da shi a kai, da shi ya rufe mini ƙofa. Ban sake ganinsa ba. Saƙon rasuwarsa ne ya zo, bayan an riga an binne shi, a hannun mutanen da ba su san ko yana da dangi ba.

Na tara mutanen daga baya, na faɗa. Yawancin waɗanda suka zage shi sun mutu, sauran suka ce Allah ya jiƙansa, abin ya wuce, suka ci gaba da hirarsu. Gaskiya ma tana da lokacinta, in ya wuce ba ta da mai saye.

Abin da na koya, da tsada na koye shi, kuma ba ni na biya ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma duk abin da zai ɗauki ran mutane, mota ce ko jirgin ruwa ko rufin ɗaki, a durƙusa a leƙa ƙarƙashinsa, ko na wane ne, ko wa ke kallo. Dariyar majalisa ba ta kai magariba. Kuma in na ƙasa da kai ya ce ya ga wani abu, ka bar shi ya gama magana, domin ranar da ka rufe masa baki don kana babba, wataƙila ka rufe shi ke nan, har ranar da za ka zo neman gafara ka tarar ba mai amsa maka.